Rayuwar Dakta Meruyert Sarsenbayeva, Mai Ɗaure Tumbin Karnuka

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Dakta Meruyert Sarsenbayeva a garin Kegen na ƙasar Kazakistan ranar 9 ga Maris, 1961. Mahaifinta Sarsenbai makiyayin tumaki ne kuma mafarauci, mahaifiyarta Kulyash kuwa ta yi suna wajen adana man shanu a busasshen tumbin rago. 'Ya'ya biyu suka rayu a gidan: ita da wanta Tolegen, wanda ya girme ta da shekara shida, bai kuma taɓa yarda ta manta da hakan ba.

A shekarar 1974 karen farautar mahaifinta ya ci ya ƙoshi, ya bi zomo da gudu, ya dawo cikinsa a kumbure, kafin la'asar ya mutu. Da mahaifin ya farke shi, sai aka tarar tumbin ya juya ya murɗe kamar wankin da aka matse. Meruyert tana tsaye a wurin, kuma ranar ce kaɗai ta ga mahaifinta yana hawaye.

Karatu, aiki da aure

Ta shiga makarantar likitancin dabbobi a birnin Almati a 1978, ta kammala a 1983, ta yi shekara goma sha ɗaya tana duba tumaki da dawakin gonar gwamnati. A 1985 ta auri Nurgali Ospanov, malamin lissafi, mutum mai haƙuri wanda ya saba da tarar da kayan cikin dabba a firjin gidansa. A 1994 ta buɗe ɗan asibitinta a Almati.

A nan ta sha ganin ciwon da ya kashe karen mahaifinta, domin karnuka masu zurfin ƙirji ya fi kamawa. Rigakafinsa sananne ne: a ɗinke bangon tumbin a jikin bangon ciki ta dama, yadda ko ya kumbura ba zai juya ba. Sai dai a wancan zamani sai an tsaga cikin tsawon taƙi guda, kuma babu mafaraucin da zai miƙa lafiyayyen kare a farke shi.

Sabon aiki

A 2012, tana da shekara hamsin da ɗaya, ta halarci horo kan tiyatar da ake yi ta ƙananan huda. Ana huda ciki wuri uku, kowace huda ba ta fi kan yatsa ba, a hura iska don ciki ya buɗe, a zura kyamara ta ɗaya, almakashi da allura ta sauran, likita yana kallon allo yana ɗinki. Hannunta ya ƙi sabawa da farko. Wata takwas ta yi tana sayen tumbin rago a kasuwa, tana sa shi a kwali mai huda uku tana ɗinkewa, har mahauta suka ɗauka abinci take sayarwa.

Saɓani da wanta

A 2014 surukin Tolegen ya ba shi kyautar karen farauta mai suna Kumai, domin irin waɗannan karnuka ba a sayar da su, sai dai a bayar. Uwar Kumai da murɗewar tumbi ta mutu. Bayan Meruyert ta yi masa doguwar magiya, Tolegen ya kawo shi, aka yi aikin rigakafin cikin minti arba'in. Amma shi mutum ne da ke auna aikin likita da tsawon tabo. Ya kwantar da karen, ya duba, ya ga ɗigo uku.

"Ke, wannan ne aikin? Aski kika yi masa kawai."

"Yaya, ɗinkin yana ciki."

"A ciki! To wa zai leƙa? Ni kika mayar yaro?"

Ya ɗauki karensa ya tafi, ya kuma baza wa mafarautan Kegen cewa ƙanwarsa ta koyo damfara a birni. Shekara biyu babu wanda ya kawo mata kare daga garinsu, wanta kuma ba ya ɗaukar wayarta. Baƙi suna yabon hannunta a Almati, amma wannan bai rage mata zafin abin ba ko kaɗan, kuma ba ta ɓoye ba.

Ranar bikin

Ranar 20 ga Agusta, 2016 aka yi bikin ɗan Tolegen. An yi wa Meruyert gayyatar da ba ta kai zuci ba, don haka ta zauna a asibitinta. Masu girki suka juye wa Kumai ragowar nama da romo, baƙi suka sake shi ya yi tsere da dawaki, zuwa azahar cikinsa ya yi tauri kamar ganga. Almati tafiyar awa huɗu ce, kuma Tolegen ya san abin da awa huɗu ta yi wa karen ubansu. Ya kira ta.

"Meruyert, irin na karen Baba ne."

"Ba irinsa ba ne, Yaya. Nemo likitan gari, ya zura masa tiyo ta baki. In tumbin ya juya, tiyon ba zai wuce ba. In ya wuce, ka san ɗinkin da ke ciki ya riƙe."

Ba ta kashe wayar ba. Ta faɗa daga baya cewa a waɗannan mintoci ta tuna kowane zare da ta ja, tana tsoron ko ɗaya ya saki. Tiyon ya wuce, iska ta fito da warin da ya kori rabin mahalarta biki, karen ya miƙe ya girgije.

Tolegen bai nemi gafara ba, ba a san shi da wannan ba. Bayan mako biyu dai ya iso da babbar mota ɗauke da karnuka bakwai da masu su, ya ce, "Ga su nan, yi musu irin askin naki." Ta yi dariya har da hawaye, ta sa aka dafa shayi.

Rasuwa

Ta ci gaba da aiki, ta kuma horar da matasan likitoci da kwalinta mai huda uku, har ta yi ritaya a 2021. Allah ya yi mata rasuwa ranar 3 ga Oktoba, 2023 bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da biyu. An yi mata jana'iza a Kegen, aka binne ta kusa da iyayenta. Ta bar mijinta Nurgali, da 'ya'ya uku, Aizada, Dauren da Tomiris, da jikoki biyar, da wanta Tolegen.

A zaman makoki Tolegen ya kira Kumai, wanda ya tsufa har ya yi furfura, ya kwantar da shi gaban masu ta'aziyya don ya nuna musu aikin ƙanwarsa. Ya daɗe yana buɗa gashin cikin da yatsu, bai samu ko ɗigo ɗaya ba. Sai ya dafa wurin ya ce, "Yana ciki."