Wasiƙar da Na Yi Kwana Tara Ina Karantawa

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Tompkinsville, wata unguwa a tsallaken ruwa daga Manhattan, a wani ɗan gida da ke saman shagon wanki, na ɗauko mahaifiyata daga gida ta zo ta zauna da mu. Ciwon ƙafa da hawan jini sun matsa mata, kuma a can babu mai kwana da ita. Ni ne ɗanta na fari, shi ya sa ko sunana ba ta faɗa, sai dai ta ce Malam.

Ni ina aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a Manhattan, matata kuma tana kula da tsofaffi a gidajensu. Mu fita da safe, mu dawo da yamma. Inna ba ta iya sauka matakala ita kaɗai, don haka wuni take yi a bakin taga tana kallon bas-bas suna wucewa. Kafin wata guda ta rage magana, abincin ma sai an yi ta fama.

Ina da wani abokina ɗan garinmu mai shago a Stapleton, wata unguwa kusa da mu. Yana sayar da gero da kuka da daddawa da man ja, a ƙarƙashin kanta kuma yana da wasu 'yan baƙaƙen akwatuna da ba su fi tafin hannu ba. Ya ce in na jona ɗaya da talabijin da intanet, duk tashoshin gida za su shigo falona. Na saya, ya zo da kansa ya haɗa. Ranar da Inna ta ji mai karanta labarai ya yi sallama da Hausa, sai da ta amsa masa har da tambayar iyali. Daga nan ta farfaɗo. Da safe tafsiri, da rana wasan kwaikwayo, in na dawo ta ba ni labarin wanda ya cuci wani kamar maƙwabtanmu ne. Ni ma na samu ƙwallo a ciki, ba zan ɓoye ba.

A lokacin ban iya karatun boko ba. Na sauke Alƙur'ani, ina rubutun ajami, amma takardar Turanci in ta zo sai in yi ta juya ta. Mu da yawa haka muke, kuma mun saba duk Juma'a bayan an sauko mu bi layi a shagon abokin nan nawa, kowa da ambulan ɗinsa, ya karanta mana. Ya yi mana wannan shekara da shekaru bai taɓa karɓar komai ba. Na dai fara zuwa ajin manya a laburaren St. George duk Asabar da safe, na kai inda nake gane sunan titi da lambar bas. Abokina ya sa min suna Farfesa.

Sai wasiƙa ta zo daga kamfanin intanet. Na kai masa. Ya duba sama-sama ya ce, "Talla ce, Farfesa. Yar da ita." Ta biyu ta zo, ya ce talla ce. Ta uku har da jan rubutu a kai. Ya ce, "Mutanen nan ba sa gajiya. Sun ga ba ka kula su ba ne suka sa ja." Ban yar da ko ɗaya ba. Tun ina makarantar allo ba na iya jefa takarda mai rubutu a shara, sai na zuba su a gwangwanin biskit a saman firij.

Wata Talata na dawo na tarar da falo shiru. Talabijin a kunne, amma babu komai sai wani tambari da layukan Turanci. Inna ta ce, "Tun hantsi mutanen suka tafi. Na danna duk abin da ake dannawa, sun ƙi dawowa."

Na tafi Stapleton. Mutum wajen goma ne a shagon, kowa da akwatinsa a leda. Abokina yana ta ba da haƙuri, wai hukuma ce ta kama masu turo hoton a wata jiha, ta rufe musu komai. Ya ja ni gefe ya ce, "Kai kar ka damu. Akwai wasu masu turowa, sabbin akwatuna suna hanya. Naka kyauta ne, saboda Inna."

Kalmar hukuma ce ta tsaya min a rai har na isa gida.

Kwana huɗu Inna ta koma bakin taga. A na biyar, muna cin tuwo, ta ce ta ji wata maƙwabciyarmu za ta tafi gida ƙarshen wata, za ta bi ta. Matata ta ce, "Haba Inna, wa zai ba ki magani a can?" Ta ce, "A can ko akuya ce ta yi kuka na san yarenta." Ba faɗa take yi ba, kuma na san ta, in ta faɗi abu a hankali to ta riga ta gama shawara. Saura mako uku da 'yan kwanaki.

Washegari na sauko da gwangwanin, na ɗauki wasiƙar mai jan rubutu, na ce wannan ni zan karanta ta da idona. Jirgin ruwan da ke tsallakar da mu Manhattan yana ɗaukar kusan rabin awa, shi ya zama ajina, tafiya da dawowa. In zauna a kusurwa, in sa yatsa a ƙarƙashin kalma, in yi ta haɗa baƙi ɗaya-ɗaya. Wadda ta gagare ni in kwafe ta a bayan hannu, in na je aiki in nuna wa wani mai dafa abinci ɗan Ghana, ya faɗa min yadda ake furtawa da ma'anarta, in rubuta da ajami a samanta. Ya ce, "Maigida, kawo takardar gaba ɗaya mana, minti biyu na gama maka." Na ce a'a, kalma ɗaya dai. Ya ce, "Kai da wahala kuna da zumunci."

Rana ta farko layi biyu na ci, su ma ashe sunana ne da adireshina. Wata rana na nutsu har jirgin ya isa, kowa ya sauka, sai da ma'aikaci ya zo ya taɓa ni. Kwana tara na yi a kan shafi ɗaya. Abin da ta ce shi ne, an ga ana amfani da layina ana ɗauko shirye-shirye ba da izinin masu su ba, wannan ne gargaɗi na uku, in aka ci gaba za a yanke layin, kuma masu kayan suna iya kai maganar kotu. Na sake bin ta daga farko don kar a ce ni na yi kuskure. Babu talla ko ɗaya a ciki.

Juma'a na je shagon, na bari layi ya ƙare. Yana ganina ya ciro sabon akwati ya ajiye a kan kanta. Ni kuma na ajiye wasiƙar kusa da shi, duk ta cika da ajami.

Ya ce, "Wannan kuma layar wa ce?"

Na ce, "Tallar da ka ce in yar."

Na fara karanta masa da ƙarfi, ina tuntuɓe, ina komawa baya. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu. "To, Farfesa, na ji. Kowa ana aiko masa irinta. Wa ka ga an kama a Stapleton? Masu kallo ba a taɓa su."

"Ban ce an kama kowa ba. Sunan wa ke sama?"

Ya gyara buhun gero da bai buƙaci gyara ba. Can ya ce, "Da na faɗa maka, da ka cire akwatin, da Inna ta koma taga. Ni ina ganin taimakonka na yi."

Na ce, "Da ka faɗa min, ka bar ni na zaɓa."

Ya tura min akwatin. "Ɗauki dai. Tsohuwa za ta tafi, kana nan kana karatu." Ba zan yi ƙarya ba, hannuna ya kai kusa. Mako biyu ya rage, ga magani a gabana. Na ɗauki wasiƙata na fita.

Da na faɗa wa Inna na ƙi karɓa, ranta ya ɓaci. Ta ce, "Wato ka zaɓa min bango in yi ta kallo." Na yi mata bayani yadda zan iya: masu shirin nan da take so suna da ma'aikata da iyali, wasu ne suke ɗebo aikinsu ta bayan gida suna sayarwa, ko sisi ba ya isa gare su. Sannan ta ce, "Tafsirin ma?" Na ce shi ma ta nan yake biyowa. Ta ce, "Wata nawa ina sauraron karatu da kayan da ba a ba ni ba. To kar ka sake shigo da shi. Amma tafiya tana nan, Malam, ba zan iya zaman kurame ba."

Asabar na kai wa malamarmu ta ajin manya maganar. Baturiya ce, dattijuwa, mai haƙuri. Ta zaunar da ni gaban kwamfutar laburare muka bincika, sai ga shi tashar da Inna ta fi so tana da manhajarta ta kanta wadda mutanen waje suke biya duk wata su kalla, wasu gidajen rediyo da talabijin na gida kuma suna sa shirye-shiryensu kyauta a shafukansu. Duk wannan yana nan tun tuni, ba mu sani ba, don babu mai karanta mana shi. Malama ta jawo allon rubutun kwamfutar za ta yi min rajista. Na ce mata ta nuna min kawai, kar ta yi min. Ta dubi agogo, ta dube ni, ta janye hannunta.

Ranar imel kawai na iya buɗewa. Na zaɓi lambar sirri mai ƙarfi sosai, har ni mai ita na kasa shiga washegari. Na koma Litinin kafin aiki na sake. A wani wuri na'urar ta ce in tabbatar mata ni mutum ne, ta jero hotuna in zaɓi masu fitilar hanya. Sau uku ina faɗuwa. Ina da shekara kusan hamsin da furfura a gemu, kwamfuta tana shakkar ko ni ɗan Adam ne. Duk shafin da ya ce in yarda da sharuɗɗa sai na tsaya na karanta abin da zan iya, malama tana cewa ko ita ba ta karanta wannan. Na ce ni na daina yarda da abin da ban gani ba.

Na sayi 'yar na'urar da ake jonawa a talabijin a babban kanti, da rasit, na bi hotunan takardar ciki na haɗa. Saura kwana huɗu maƙwabciyar ta tashi, Inna har ta ɗaure kayanta a jaka. Da la'asar ɗin Lahadi na shigar da imel da rimot, baƙi ɗaya-ɗaya, matata tana tsaye a kaina tana cewa na tsallake ɗaya. Abin ya yi ta juyawa, sai ga wasan da Inna take bi, kuma daga inda ta tsaya, har da na makonnin da suka wuce ta.

Inna ta jawo kujera kusa, ta kalli guda biyu a jere. Tashoshin ba su kai rabin na da ba, ƙwallona kuwa ta tafi gaba ɗaya, sai dai in ji sakamako a bakin mutane. Da aka kira magariba a waya ta tashi za ta yi alwala, ta tsaya a ƙofar banɗaki ta ce, "Na wannan an biya masu shi?" Na ce an biya, da sunana. Ta ce, "To. Sanyin nan naku da ake faɗa, yaushe yake shigowa? Ka nemo min safa mai kauri."

Shekara uku ta ƙara yi da mu, likitanta yana kusa, maganinta a kan lokaci, kafin Allah ya karɓi abarsa. Abokina muna gaisawa har yau, a wurinsa nake sayen daddawa, akwatunan ma ya daina. Ban riƙe shi da zafi ba, don na san a ransa yana ganin alheri ya yi min. Abin da na gane shi ne, duk wanda yake karanta maka takarda yana iya zaɓar maka abin da za ka sani, ko da yana ƙaunarka. Har yanzu karatuna a hankali yake. Wasiƙar da wani zai gama kafin shayinsa ya huce, ni sai in kai kwana biyu a kanta, kuma ba na jin kunyar hakan. Duk takardar da ta zo da sunana a sama, ni nake fara buɗe ta.