Minti Ukun Fasto Iliya

Fasto Iliya ya rasu.

Na rubuta na goge, na sake rubutawa. Da safen nan ina buɗe ƙofar studiyo sai ga kiran matarsa, Madam Rifkatu. Na ɗauka da wasa ina cewa, "Madam, ki gaya wa maigidan gobe kada ya makara mini." Sai na ji kukanta.

Jiya da la'asar ya dawo daga ƙauye a kan moto cikin wannan zafin, ya zauna a ƙofar gidansu a unguwar Kara-Kara, ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo kofin ya faɗi. Ko wurin likita ba a kai shi da rai ba.

Mutumin da muka ci ƙosai tare shekaranjiya!

Ga waɗanda ba su san alaƙarmu ba: ni nake naɗar shirye-shirye a gidan rediyon da nake aiki. Shi kuma yana da kwata ɗaya, wato minti goma sha biyar, duk Lahadi da ƙarfe huɗu, wa'azin Kirista. Shekara tara ina danna masa maɓalli, ni Musulmi, da carbina a aljihu. Ba mu taɓa saɓawa ba sai a kan tsawon magana, don Fasto in ya kama zance sai ka yi kamar ka zare masa waya.

Wa'azinsa ba ya wuce ƙasa da itace. Yakan ce Allah gona Ya damƙa wa ɗan Adam don ya kula da ita, kuma Kiristan da ya tumɓuke tohon gawo a gonarsa sannan ya zo majami'a yana roƙon ruwa, to ya fara komawa ya ba gawon haƙuri. Wasu cikin mabiyansa har ƙorafi suka yi, wai sun zo jin labarin sama ana ta yi musu na rairayi. Bai fasa ba.

A minti ukun ƙarshe yake faɗin batun damina. Yakan kira mutanen meteyo, masu hasashen yanayi, ya je gonaki ya tona da hannunsa ya ga inda laima ta kai, sannan ya ce a yi shuka ko a dakata. Tun da ruwan farko ya zama mayaudari, ya sauka sau ɗaya ya ɗauke sati uku, mutane da yawa minti ukun nan suke jira.

Babana a ƙauyen Gouna yana cikinsu. In an fara waƙar majami'a sai ya rage murya ya ajiye rediyon a gindin rumbu, yana kallon agogo. Lokaci na cika ya ƙure ta. Da na ba Fasto labarin, ya yi dariya har da hawaye. Ni da shegantakata na ce, "To ka riƙa cusa batun ruwan a tsakiya mana, dole su saurari sauran."

Ya daina dariyar. Ya ce, "Lawali, ruwan ba nawa ba ne da zan ɗana tarko da shi. Ka gaishe da Baba, ka ce lokacin ba zai canja ba."

Wallahi na ji kunya ranar.

Shekarar da aka yi wa ɗiyata aiki, shi ya zauna tare da ni a bencin asibiti tun safe har azahar. Da aka kira salla ya karɓi ledar magungunan ya ce in je, yana nan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Laraba. Ya naɗi wa'azin Lahadin nan, minti goma sha biyu cif, abin da bai taɓa yi ba. Na ce, "Yau lafiya?" Ya leƙa taga, hadari na haɗuwa ta gabas. Ya ce, "Bar mini ukun nan a buɗe. In ya zuba zan je in tona in gani, Asabar in zo in cike."

Ruwan ya zuba da yammar, har Gouna. Jiya Fasto ya je ya tona. Abin da ya gani ya tafi da shi, ko Madam bai samu ya gaya wa ba.

Ɗazun Baba ya kira ni, bai ma ji rasuwar ba. Irin shuka na zubi ɗaya ya rage masa, don bara waccan sau uku ya yi shuka, ya cinye na ajiya. Maƙwabta sun fara fita da sungumi. Ya ce, "Me mutumin naka ya ce? In zuba ko in jira?"

Da na gaya masa rasuwar, ya yi salati.

Direktanmu ya ce a cike minti ukun da waƙa. Na ce a'a. Madam ma da na tambaye ta ta ce a'a. Gobe bayan an binne shi zan hau moto in je Gouna in tona da hannuna, in kira meteyo da lambar da ke cikin salularsa. Ban taɓa magana a mikro ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai. In na ce a shuka ruwa ya ɗauke, irin Baba ne da na mutane ya tafi. Amma ba zan sa wa masu jira waƙa ba.

Allah Ya ba Madam Rifkatu da 'ya'yansu haƙurin wannan rashi. 'Yan uwa Kirista, ku yi masa addu'a yadda kuka saba. Sauranmu mu roƙa wa iyalinsa dangana, mu roƙi damina mai albarka. Ni ma ku saka ni ciki, Allah Ya sa abin da zan faɗa ranar Lahadi ya zama daidai.