Na Bi Shirin Keke Har Ya Bar Ni A Bakin Titi

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke bayan Gezawa, irin ƙauyukan nan da gonar wannan ke ƙarewa a gindin dangar wancan. Lokacin da wannan al'amari ya faro na haura shekara hamsin, ina dab da ajiye aiki, kuma ban daɗe da rasa matata ba. 'Ya'yana mata duk suna ɗakunansu, namijin kuma yana kudu wajen neman abinci, sai da sallah nake ganinsa. Gidan da a da hayaniya ke hana ni gyara takardun ɗalibai ya koma in na ajiye buta a tsakar gida ina jin ƙararta har zaure. Matar yayana ce ke aiko mini da tuwo, in ci abin da na iya, in rufe sauran.

Ana cikin haka ciwon kai ya matsa mini. Da na je asibiti likita ya ce jinina ya hau, ya rubuta magani, ya kuma ce in rage zama wuri ɗaya, in riƙa motsa jiki. Ina da wani tsohon baƙin keke mai kariya a baya, wanda na yi shekaru ina zuwa makaranta da shi kafin in sayi babur. Na fito da shi daga bayan rumbu, na kai wa mai faci ya sa masa taya da birki. Da wani abokin aikina ya ji haka, sai ya turo mini wani shiri a waya. Ba na rediyo ba ne, murya ce kawai da ake saukewa a saurara lokacin da aka ga dama, kuma duk maganarsa a kan hawan keke ce don lafiyar jiki.

Mai shirin wani mutum ne a cikin birnin Kano da ya taɓa yin tseren keke da ƙuruciyarsa, daga baya ya buɗe shagon gyara. A shagon yake ɗaukar muryar, har kana jin ƙarar guduma, wani lokaci ya dakata ya amsa sallamar mai wucewa sannan ya ɗora. Hausarsa irin ta majalisa ce. Daga bakinsa na ji cewa sirdina ya yi ƙasa, shi ya sa gwiwata ke ciwo. Shi ya koya mini in fara a hankali har jiki ya yi ɗumi, in sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ni, in kuma riƙa tafiyar da zan iya yin magana ba tare da haki ya tsinke mini numfashi ba. Yakan ce keken da ke jingine a zaurenka ya isa, ba sai ka nemi na wani ba. Kullum bayan la'asar sai in sa abin sauraro a kunne, in bi burji tsakanin gonakin gero da gyaɗa, shi yana magana ni ina taka feda, kamar muna tafe tare.

A ƙarshen kowane shiri yana saka saƙonnin murya na masu sauraro. Akwai mai kai albasa kasuwa da ke kukan ciwon baya, akwai wani tela, akwai wani direba da aka ce yana da ciwon suga. Na daɗe ina jin kunya kafin in aika nawa. Ranar da na aika, na faɗa masa cewa na ɗaga sirdi gwiwa ta daina ciwo, na kuma tambaye shi yadda ake hawa a kan rairayi. Mako na zagayowa ina tsakiyar gonaki sai na ji muryata a kunnena. Na ja birki na sauka. Ya kira ni malaminmu na bayan Gezawa, ya amsa tambayata a natse, ya yi mini addu'ar samun lafiya. Tun rasuwar matata ban ji wani abu ya shiga zuciyata kamar wannan ba. Na tsaya a gefen wata gonar dawa ina share hawaye, ba kowa a wurin sai awaki.

Daga nan na zama ɗan gida a shirin. Kusan kowane mako ina aikawa, sau da yawa kuma ana sakawa. Jinina ya sauka, barci ya dawo. Sai dai lokacin da nake hawa keken shi ne lokacin da dattawan unguwarmu ke zama a ƙofar gidan yayana har magariba. Na daina zuwa. In an yi suna ko ɗaurin aure sai in leƙa in fice, hankalina na kan hanya. Yayana ya taɓa tare ni ya ce ƙanena, lafiyar jiki tana da kyau, amma mutane sun fara tambaya ko sun yi maka laifi ne. Na ce masa babu komai. A raina kuwa gani nake su ba su fahimce ni ba. Su in sun dube ni tausayin wanda matarsa ta rasu nake gani a idonsu, can kuwa a shirin ni malami ne mai tambayoyi masu ma'ana.

Sannu a hankali shirin ya fara canzawa. Da farko ƙarar guduma ce ta ɓace, aka ce an sami ɗakin ɗaukar murya. Sai kiɗa ya shigo a farko, sai tallace-tallace. Daga baya aka kawo wani matashi ya zama abokin gabatarwa, mai rabin magana da Turanci. Hirar ta tashi daga ciwon gwiwa da faci ta koma kan kekuna masu siririyar taya da giyar canza gudu barkatai, da agogon da ke ƙirga bugun zuciya, da wani gari da ake damawa a sha kafin a hau. Aka daina saka saƙon murya, aka ce a riƙa rubutawa a shafinsu. Mai albasa ya ɓace, tela ya ɓace. Ni dai ban fasa ba. Na yi ta aika ra'ayina, da murya da rubutu, cikin ladabi, ina cewa mu na ƙauye da muka fara da shi ba mu gane rabin abin da ake faɗa yanzu, a ware mana ko 'yan mintuna ne. Shiru. Sai a wani shiri da suka keɓe don ra'ayoyin masu sauraro, bayan an karanta yabo mai yawa, matashin ya ce akwai wasu tsofaffin masu sauraro da ke son a koma yadda ake yi da, amma shiri dole ya ci gaba. Mai shirin ya ce gaskiya ne, Allah ya bar zumunci. Iyakar abin da na samu ke nan.

Maimakon in haƙura, sai na sa a raina cewa matashin ne ke tare saƙonnina, kuma da mai shirin zai gan ni ido da ido zai tuna da ni. Suna da hawan rukuni duk ranar Lahadi, kuma aka sanar cewa wani mako za su tashi daga bakin gari su tafi madatsar ruwa ta Watari. Na ƙudurta zuwa. Na fara bin sabon tsarin horon da suke koyarwa, na gudu da ƙarfi a huta a sake, wanda aka tsara don samari masu jini a jika. Ga shi bazara ce, rana tana dukan ƙasa. Wani lokaci in na sauka sai in ga duhu-duhu. Ban koma wurin likita ba, ban kuma faɗa wa kowa abin da nake shiryawa ba.

Ranar Lahadin ina idar da sallar asuba na kama hanya, na taka tun daga ƙauyenmu har gidan man da suka ce za a haɗu. Na iso jiƙe da gumi suna shirin tashi. Samari ne da 'yan kasuwa cikin matsattsun kaya masu launi da hular kwano, ni kuma da 'yar shara da wando na naɗe ƙafarsa, da gorar ruwa ɗaure a kariya. Da murya na gane mai shirin, wani gajere mai furfura a gemu. Na ƙarasa, na yi sallama, na ce ni ne malamin bayan Gezawa. Ya kama hannuna da fara'a ya ce, "Baba, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya." Idonsa na kan wani da ke kiransa. Bai wulaƙanta ni ba, wallahi. Bai dai san ni ba ne. Wani saurayi ya ɗauki hoton kekena, wani ya ce Baba a bi a hankali, aka busa usur.

Da a ce ina da wayo da daga nan na juya. Amma na bi su. Kafin mu fita daga gidajen Ungogo sun yi mini nisa, launukan rigunansu suna ƙanƙancewa a kan kwalta har na daina ganinsu. Na ci gaba da takawa ni kaɗai, manyan motoci na wuce ni da iska mai zafi. Ruwana ya ƙare. Wajen hantsi jiri ya kama ni, kunnuwana suka toshe, na nufi inuwar wata darbejiya, ban san ko na kai ba. Na farfaɗo a kan bencin wani mai rake, ana yayyafa mini ruwa, baƙin fuskoki sun kewaye ni suna tambayar daga ina nake, wa za a kira. Na daɗe ina kallon wayata. A ƙarshe lambar yayana na ba su. Shi da maƙwabcina suka zo da mota suka kai ni asibiti, aka yi mini ƙarin ruwa, likita ya yi mini faɗa sosai. A hanyar komawa gida hannun yayana na kan gwiwata har muka isa.

Ina kwance a gida sabon shiri ya fito, na saurara. Sun ba da labarin tafiyar Watari suna dariya da nishaɗi. Can sai mai shirin ya ce akwai wani dattijo da ya zo da tsohon keke irin na iyayenmu, abin ya burge shi ƙwarai, ina ma ya san daga inda ya fito. Babu wanda ya tambaya ko dattijon ya isa. A daidai lokacin dattawan da na guje wa suna zaune a zaurena, sun zo dubiya, ɗaya ya kawo fura, ɗaya yana ba da labarin yadda shi ma jiri ya taɓa kayar da shi a gona, don kawai kada in ji kunya.

Ban riƙe mutumin nan a zuciya ba. Ya amfane ni, kuma shirinsa nasa ne, yana da damar kai shi inda abincinsa yake. Ni ne na ɗora masa nauyin da bai san yana ɗauke da shi ba. Har yanzu ina hawa keke, a hankali, bisa shawarar likita. Kewa kuma ba ta tafi ba, ba zan yi muku ƙarya ba, akwai yammacin da gidan ke yi mini faɗi har in rasa inda zan zauna. Amma yanzu in ta taso, tabarma nake ɗauka in fita ƙofar gida.

Shawarata ga masu karatu, musamman waɗanda rashi ko tsufa ya bar su su kaɗai da waya a hannu, ita ce ku ɗauki ilimin da ke cikin irin waɗannan shirye-shirye, amma ku tambayi likita kafin ku gwada abin da aka tsara don jikin wani. Kuma ku sani, mai magana a waya da dubban mutane yake yi, ko da kuwa ya taɓa ambaton ku. Kafin ku ba wata murya dukkan zuciyarku, ku tambayi kanku: in kuka faɗi a bakin titi aka ce wa za a kira, lambar wa za ku bayar? Wannan mutumin, ku je ku gaishe shi yau.