Malam Gali da Kifin da Ba Ya Shiga Miya

Da ya dawo daga masallaci da asuba, Malam Gali yakan tsuguna gaban wata tsohuwar randa a gindin lemon tsakar gidansa, a Rano. Ba ruwan sha ne a cikinta ba. Dodon koɗi yake kiwo, 'yan mitsi-mitsi, yana jefa musu ganyen salak. Sai ya tsamo biyu da cokali, ya shiga ɗaki, ya sake su cikin akwatin gilashin da ke kan tebur. Can sai ka ga wani ɗan kifi da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba ya fito daga ciyawar ruwa, ido ɗaya na duban gabas ɗaya na duban yamma. Zai tsaya kan abincinsa kamar mai taya kaya a kasuwa, sannan ya kai cafka.

Talibambam ne, amma ba irin namu na kogi ba. Ƙaramin iri ne da ake kawowa daga Indiya, kuma a wani shagon kifin ado a Kano Malam ya fara ganinsa. Kiwonsa sai mai haƙuri. Ba ya cin tsaki, ba ya cin gari, sai abu mai rai. Idan suka yi yawa a wuri ɗaya sai su cinye wa juna jela, don haka uku kawai yake ajiyewa. Duk Asabar yakan kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan ya zuba sabo, da bazara kuma ya naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu. Matarsa Salamatu takan ce wa baƙi, "Shekara goma sha biyu muna kiwon kifi a gidan nan, ko romo ban taɓa sha ba."

Malam Gali duba-gari ne, watan jiya ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Ƙarshen aikin ya riske shi ne da yana a idanunsa, da tsohon kifi ɗaya tak da ya rage a akwati, da kuma wani gida a Lausu da ya tsaya masa a rai. A gidan akwai yaro mai fitsarin jini, an hana a kai shi asibiti.

Wanda ya tashi kusa da rafi ko hanyar ruwan noman rani ya san tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin dodon koɗin ruwa take girma, ta fito ta shiga fatar mai wanka ko mai wanki. Amma a ƙauyukanmu da dama, idan yaro ya fara fitsarin jini sai manya su yi murmushi su ce ya zama namiji. Su kuwa mutanenmu, da sun hango duba-gari sai a fara rufe ƙofa ana ɓoye tukwanen da ba a wanke ba. Shi ya sa Malam ya nemi abin da zai sa a buɗe masa. Yakan sa kifi ɗaya a babbar kwalba, ya ɗaure a bayan babur, ya sauka a gindin bishiyar gari. Yara su taru, tsofaffi su matso suna cewa wucewa za su yi. Idan kifin ya cafke dodon koɗi aka sa shewa, sai ya fito da wata kwalbar a rufe, mai ɗauke da na rafin garin.

"Kifin nan ba magani ba ne," yakan ce. "Ɗan kira ne. Maganin yana asibiti. Wannan abin da kuke takawa a ruwa, shi ke sa jinin, ba balaga ba."

Gani ya kori ji. Mutanen Zinyau sun shaida ranar da ya jero yara goma sha tara a ƙafa zuwa asibiti, yana tura baburinsa a bayansu. Wata ungozoma a Kibiya ta ce min saboda shi ta koyi tambayar 'yan mata ma, don su ba sa faɗa. Kai ne ka yi wannan, Malam, ba wanda ya aike ka, ba kuma wanda ya taɓa kiran sunanka a wajen taro.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dalili. Malam Gali yana da ɗan fari, kuma bisa al'ada, tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakansa a Rurum. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban manya. "Ɗan gidan Baba" yake ce masa. Da labari ya zo cewa yaron na fitsarin jini, Malam ya san ko mene ne, aikinsa ne. Ya sayi magani ya aika ta hannun ƙanwarsa. Tsoho ya saƙale ƙullin a jinka, ya ce jikansa girma ya yi. Malam bai iya buɗe baki ya tambaya ko an sha ba. Cutar ta yi ta cin yaron a ɓoye har ta taɓa ƙoda, ya rasu yana da shekara ashirin da huɗu. Ranar da ake gyaran ɗakin tsohon aka ga ƙullin, ko kwance shi ba a yi ba.

To, gidan Lausu ma haka yake. Alhaji Habu ne ke riƙon jikansa Amiru, uban yaron kuwa, Lukman, kunya ta ɗaure masa baki. Sau uku Malam yana zuwa ana sallamarsa a zaure. A makon ƙarshe na aikinsa ya ɗauko kwalba. Salamatu ta ce, "Malam, kifin nan ya tsufa, ga zafi. Ba zai kai ba."

"Na sani," ya ce. "Amma Alhaji ya ce ni ba ya son ganina, kifin ne bai taɓa gani ba."

Alhaji Habu ya kalli kifin, ya yi dariya har da tafa cinya. Da aka zo maganar asibiti sai ya ɗaure fuska. "Malam Gali, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ma na yi jinin nan, ga ni zaune."

Lukman na rakuɓe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Malam ya juya gare shi, ba ga tsohon ba.

"Lukman, ni ma a nan na taɓa zama, inda kake zaune. Ina da ɗa. Sunansa Salahuddeen." Tun da aka raɗa wa yaron suna bai taɓa furta shi a gaban mutane ba. "Na ji kunyar mahaifina, na yi shiru. Da hannun nan na sa shi a kabari. Ka ji kunyar Alhaji a komai, ban da wannan."

Can Lukman ya ɗago, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Baba, ka yafe min. Zan kai Amiru gobe." Da gari ya waye, Alhaji Habu da kansa ya ba da aron babur.

Kifin bai iso Rano da rai ba. Malam ya wanke akwatin ya kife shi, ya ce idonsa ba zai iya renon wani ba. Salamatu, mai tsokanar nan, ita ce ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Malam Gali, mun gode. Ka ɗauki ciwon da wani zai ɓoye har kabari, ka mai da shi abin da yaran wasu suka tsira da shi. Allah ya jiƙan wanda ka rasa, ya buɗe maka idanunka, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba. Ku kuma iyaye, ba sai kun yi kiwon kifi ba. Idan ɗanku yana hannun kaka ko gwaggo, ku girmama su, amma ku je ku duba shi. Ku kira shi da sunansa, ku tambaye shi inda ke masa ciwo, tun yana iya amsa muku.