Inda Inna Take Kashe Rikoda

Akwai ɓarnar da na yi ina ɗan shekara goma sha ɗaya, wadda har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. Bari in ba ku labarin yadda aka yi.

A Kano na tashi, amma duk dogon hutu Sara ake tura ni, can ƙasar Gwaram, wajen kakata ta wajen uba. Inna muke ce mata. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunana ba, don sunan marigayi mijinta aka sa min, sai dai "Maigida". Ina sauka daga mota za ta fara: "Maigida, haka ake zuwa wajen mata hannu rabbana? Ina cefane?" In ce mata na sake ta, ta tsufa. Ta ce ai ita ma dama haƙuri take yi da miji mai majina.

A hutun nan na zo da gem ɗin hannu, irin baƙi da farin nan da ake jera bulo, mai cin batir biyu. Babana ne ya sayo min da na ci jarrabawa. Ni da sa'ana, ɗan Kawu ƙanin babana, muka zama kamar an ɗaure mu da shi. In batir ya yi sanyi mu shanya shi a kan katanga, rana ta gasa shi, mu mayar mu ci gaba. Inna kukan gyare take ce wa ƙarar gem ɗin.

Ita ma fa tana da nata kayan zamanin. Wata tsohuwar rikoda ce, babba, tana zaune a kan akwatinta an lulluɓe ta da ƙyalle. Lokacin da kuɗin fetur suka fara yawo a ƙasar nan kakana, wanda ake ce wa Malam, ya bar gona ya tafi Legas aikin tuƙi. Shi ba ya rubutun boko, ita ba ta karatunsa, sai ya sayi rikoda ya yi magana a kaset, ya haɗa duka ya ba wani direba ya kawo gida. Ya rasu tun kafin a haife ni, kuma ban da wannan kaset ɗin babu inda muryarsa ta rage a duniya.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Inna za ta fito da rikodar tsakar gida ta kunna. Sai ka ji murya mai kauri, a hankali: yana gaida Baba, yana gaida Iya, yana gaida mai unguwa, yana cewa kar a kuskura a sayar da jan sa. Yana cewa "Allah ya sada mu da alheri" Inna za ta danna, ƙas, ta mayar da ƙyallenta. Kullum a nan take kashewa. Ni duk zatona nan maganar ta ƙare.

Wata Asabar Inna ta tafi suna Kwandiko. Ɗan Kawu ya ce min, "In ka koma birni da abin nan, wallahi ba wanda zai yarda da ni a makaranta. Da ma mu ɗauki kiɗan da yake yi in an ci." Muka duba gidan kaf, babu kaset sai na Malam. Ni kuma ɗan birni, sarkin sani, na ɗaga shi na haska a rana na ce, "Ka ga zaren da ya rage? Duk fili ne. Tsohon bai cika shi ba." Na mayar, na danna jan maɓalli, na kara gem ɗin a bakin rikoda. Muka yi ta bugawa muna ihu. Da muka gama muka saurara sau ɗaya, muka mayar da zaren daidai inda muka same shi, muka rufa ƙyalle. Har tafawa muka yi.

Washegari da hantsi kowa ya tafi gona, ni na maƙale a gida wai cikina na ciwo. Ina zaune a bakin rumbu sai na jiyo muryar Malam ƙasa-ƙasa daga ɗakin Inna, yana cewa Allah ya sada mu da alheri. Ban ji ƙas ba. Sai kawai na ji tirit-tirit-tirit, da wata siririyar murya tana ihu, "Ka gani! Ka gani na ci!" Muryata ce.

Na leƙa ta gefen labule. Tana zaune a tabarma, rikodar a cinyarta, ta sunkuyo da kunnenta. Ba ta kashe ba. Jira take yi. Gem yana kuka, muna dariya, ita tana jira. Can bayan wani lokaci mai tsawo muryar Malam ta dawo, abin da kawai ya rage shi ne, "...to shi ke nan, sai Allah ya kawo ni." Sai shuuu.

Da dukana ta yi da ya fi min sauƙi. Ko faɗa ba ta yi ba. Da rana ta miƙo min kwanon tuwo ta ce, "Kai yaro, ungo." Kai yaro! Tunda nake ban taɓa jin wannan a bakinta ba. Tuwon nan ko loma uku ban yi ba.

Da Kawu ya ji, ya sharara min mari ɗaya mai kyau, sannan ya ɗora ni a babur, ni da kaset ɗin, sai Birnin Kudu wajen wani mai gyaran rediyo a gefen kasuwa. Mutumin ya saurara, ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, in zare ya tsinke ina liƙe shi da jan farce. In ya cukurkuɗe ina warware shi da biro. Amma abin da aka hau kansa, wannan sai haƙuri." Na ce masa ko a Kano ba za a iya ba? Ya ce, "Ɗan samari, ko a inda aka ƙera ta."

A hanyar dawowa Kawu ya faɗa min abin da kowa a gidan ya sani ban da mu yara. Bayan gaisuwar jama'a akwai magana a gaba, tata ce ita kaɗai. Kunya ce take sa ta kashe a gaban mutane, sai gida ya yi shiru take jin abarta. Shi kansa Kawu da ta haifa bai taɓa jin me ke ciki ba.

Kwana biyu ina "kai yaro". A na uku na shiga ɗakinta na ajiye gem ɗin a gabanta, na ce, "Inna, ki fasa shi da taɓarya." Ta kalli gem, ta kalle ni, ta ce, "In fasa kukan gyare ya dawo min da me? Sako labulen nan ka zauna." Ta zaro sabon kaset daga ƙarƙashin filo, ashe tun jiya ta aika aka sayo mata. Ta ce, "Ba sunansa gare ka ba? To kai ka cire, kai za ka mayar. Danna jan abin naka, tunda ka iya."

Na danna. Ta ce, "Ka ce: miyar garin nan ja ce zur, ba kuka ba daddawa, na rame." Na faɗa. Ta ce, "Ba haka ba! Shi ba ya sauri kamar an biyo shi. Sake." Na sake, ina kumbura murya. "Ka ce: ƙafar nan taki, kar ki ƙara ɗaukar tulu zuwa rijiya, a aiki yara." Na faɗa. "Ka ce: na ga wani zane mai ruwan ganye a kasuwa, na ce wannan na..." Na ce, "Na wa?" Ta ce, "Nan sunana ya faɗa. Kai ba za ka faɗa ba, mara kunya. Wuce. A nan kuma sai ya yi tari." Na ƙaƙalo wani tari kamar na akuya. Inna ta yi ta dariya har ta kifa kai a gwiwa, da ta ɗago fuskarta duk hawaye, ni dai ban san na wanne ba ne.

Haka muka bi maganar nan tiryan-tiryan, ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Ba wani abu ne a ciki ba fa, daga abinci sai ciwon ƙafa sai zane sai "ki riƙa cin abinci ko ba na nan". Amma shekara da shekaru abin da take rufe ɗaki ta ji ke nan.

Da muka gama ta sa na mayar muka saurara. Ga muryata kamar ta sauro, ga tata a baya tana gyara min. Ta goge ido da bakin zane ta ce, "Muryar dai ba ta kai ba. Amma haka zan yi maneji da kai, Maigida. Ɗauke gyarenka ka ba ni wuri."

Abin da na goge bai dawo ba, kuma na san ta yi kewarsa har ranar da ta bi shi. Yafe min kawai ta yi, ta kuma nemo hanyar da zan iya ɗaga kai in kalle ta.

Yanzu gyaran waya nake yi a Kano. In mutum ya ce in goge masa waya kaf, sai na tambaye shi sau uku, har wasu su ji haushi. Ba na damuwa. Tun ina yaro na koyi cewa inda babba ya yi shiru ba fili ba ne. Sau da yawa a nan ya ajiye abin da ya fi so, don haka ka tambaya kafin ka danna.