Itacen da Baƙi Ke Dasawa

Pak Lawing, wato Baba Lawing, bai gama firamare ba, amma shekara talatin da ɗaya ke nan duk ɗalibin tsangayar gandun daji ta jami'armu a wurinsa yake koyon sunayen itatuwa. Ya ɗan sari ɓawo da adda, ya shinshina, wani lokaci ya ɗanɗana, ya faɗi suna. A takarda kuwa mai ban ruwa ne.

Da na dawo daga karatu a Finland sai aka ba ni aikin tafinta. Jami'armu ta ƙulla ƙawance da jami'o'in waje, tawagogi suna ta zuwa. A sa hannu, a ci shinkafa da gasasshen kifi, sannan babban baƙo ya dasa itace a gaban ofis.

A biki na uku na lura ramin ɗaya ne. Itacen ma ɗaya, ɗan ulin iya ƙugu, itacen katakon nan mai taurin ƙarfe da jinkirin girma. Allon suna kawai ake sauyawa.

"Pak, ba wannan Japanawa suka dasa ba?" na tambayi Pak Lawing.

"Shi ne, Nak, 'yata. Koriyawa ma shi. Ya fi ki sanin duniya, bai ko fita ƙofa ba."

Da ledarsa ake binne shi, baƙi na juya baya a sa Pak Lawing ya tono. Ulin kuwa ba ya son a taɓa masa saiwa, har ganyen ya fara rawaya. Daga uwar itacen ƙauyensu Pak Lawing ya samo irin, kafin kamfani ya share dajin ya shuka kwakwar manja. Ƙwaya tara ya kwaso, ɗaya ta tsiro bayan wata goma sha ɗaya.

A gabana ya roƙi mataimakin shugaban tsangaya, Pak Syahrani, a bar itacen ya kama ƙasa.

"To Jamusawa su dasa me? Kai? Nan ne kaɗai tambarin jami'a ke fitowa a hoto."

Ranar Jamusawa, Pak Lawing ya tsaga gindin ledar a ɓoye. Bayan biki ya ce bayansa na ciwo, ba ya iya tono. Aka yi wata huɗu babu baƙo, aka manta. Ya yi wa ɗan itacen rumfa da ganyen kwakwa, har ya fitar da jajayen sababbin ganye.

Sai ga saƙon tawagar Holan. Aka ja ulin ya ƙi fitowa, saiwarsa ta kama ƙasa. Pak Syahrani ya duba agogo, ya sa masu shara suka sare shi, suka haƙe ramin. Ya tura direba bakin titi ya sayo wani dashe.

Mangwaro ne. Aka kafa masa allo da sunan ulin a Latin. Farfesoshin gandun daji biyar, namu da nasu, suka tafa. Ko ba su gane ba, ko kara suka yi, har yau ban sani ba. Ni kuma da bakina na fassara cewa wannan itace zai yi shekara dubu.

Na tarar da Pak Lawing yana naɗe tiyo.

"Pak, da na yi magana..."

"Ai kin yi, Nak, da harshe biyu ma." Ya miƙo mini tiyon. "Ku ba shi ruwa. In kun bar shi a ƙasa shekara huɗu, za ku ci 'ya'yan ulin da gishiri da barkono."

Ranar Litinin ɗalibai arba'in suka tsaya a bakin dajin koyo suna jiransa har rana ta take, bai zo ba.