Tsohuwar da Ke Yi wa Fim Faɗa

Tana zaune a gabana a tsohon gidan siniman unguwar Jongno, inda mu tsofaffi muke zuwa da rana kallon finafinan ƙuruciyarmu. Gashinta a nannaɗe, an rina shi baƙi wuluk, gasasshen dankali a cinyarta, mijinta a gefe ya ja hula har gira. Tun da aka kashe fitila bakinta bai huta ba.

A fim ɗin, matar gida ta dawo daga kasuwa, ta tarar da takalman wata mace a bakin ƙofa, jere da na mijinta.

Tsohuwar da ke gabana ta ɗaga murya: "Kuka za ki tsaya yi? Sakarya, kwashe su ki jefa a rafi! Ta koma gidansu ba takalmi!"

"Maman Deok-su, mutane fa na ji," in ji mijin tsohuwar.

"Su ji mana, tsoho! Ai ranar da na jefar da na waccan matar taka ma duk unguwa ta ji."

Haba! Na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarta ta yi mana shiru, sai na ga ta riƙe hannunsa gam, kamar har yau ana iya ƙwace mata shi. Na janye nawa.